Kwamfutar da Ba Ta San Ƙira Ba

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari.

Ni ne Haruna mai walda daga Makera. Aji uku na tsaya a sakandare, amma yau shagona ƙofa biyu ne, ba wanda ya ɗora ni. Rabin abin da na iya, a wani tsohon littafin Hausa kan ƙira na koya, a laburaren da ke kusa da mu.

Watan jiya na koma nemansa, na tarar an kwashe akwatunan katin sunayen littattafai an ajiye kwamfuta. Ba a shiga wurin littattafai kuma sai da lambar da ta ba ka. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, rubuta abin da kake so." Na duba haruffan, babu ƙa mai lanƙwasa. Na rubuta kira, sai ga littattafan waya da na kiran sallah. Zuwana uku ke nan, wallahi na gaji.

Yanzu ma'aikaciyar ta ce duk littafin da ba a aro, fitar da shi za a yi. To wa zai ari abin da ba ya fitowa a kwamfuta?

Masu sauraro, wurin wa zan je kafin a zubar da littafin nan?