Sunan da Ya Ƙi Fita Daidai

A bencin tashar mota, wani saurayi ya sake yin kakari. Tsohuwar da ke gefensa ta miƙo masa ruwa karo na uku, haushi ya kama shi.

"Inna, don Allah ki bari, ba shaƙewa na yi ba. Sunan budurwata nake koya. A yarensu daga maƙogwaro 'ra' ke fitowa, ni kuwa harshena sai kaɗawa yake. Yau zan gaida iyayenta."

"Shi ne ka hana mu sakat tun ɗazu?"

"In na ɓata sunan 'yarsu a gabansu fa?"

Ta yi tsaki. "Shekara arba'in mijina yana ɓata 'ra' ɗin sunana, kullum sai mun yi faɗa. Tun da ya rasu kowa daidai yake faɗa, ni kuwa ko waiwayowa ba na son yi."