Motar da Ba a Wanke Ba

Ganda mugun hali ne, kuma ba ta tsayawa kan mai ita kaɗai. A bencin ofishin likitan dabbobi na ji wani tsohon makiyayi yana ta hamdala, har wani direba da ke gefensa ya tanka.

"Baba, haihuwa aka yi maka?"

"Ya fi haihuwa, ɗana. An wanke ni. Da ciwon baki da kofato ya shigo mana, maƙwabta suka ce sabon bijimina ne ya kawo shi, suka hana ni rijiya."

"Wa ya wanke ka?"

"Likita. Ya ɗebi yawun shanu ya kai gwaji. Ashe ƙwayar cuta ma tana da dangi, ana bin asalinta kamar mutum. Tamu jikar ta kasuwar kan iyaka ce, bijimina kuwa bai taɓa taka can ba."

"Kai, Baba! Da ƙafa ta zo?"

"A mota. An sauke marasa lafiya, an loda lafiyayyu ba a wanke motar ba."

"Wa ke da lokacin wanke mota ranar kasuwa? Ai shara ta isa. Ni ma daga can nake lodi..."

Tsoho ya ƙura wa direban ido.

"Me ya kawo ka nan, ɗana?"

"Motata ma'aikatan nan suka riƙe. Maruƙa biyun da na kai gida a cikinta sun mutu, saniyata kuma ta daina ba da nono."

"Allah ya mayar da alheri," in ji tsoho. "Ni bari in kai nawa shanun rijiya."