Alkawarin Teku a Tashar Salaga

A tashar motar Salaga, Wadud na nuna wa matar da ke gefensa hoton wani ƙaton jirgin ruwa a wayarsa.

"Hajiya, kwana bakwai a kan teku. Na yi wa 'yan biyuna alkawari, shekararsu huɗu. Su farka da safe, ruwa iya ganin ido, ba kukan awaki, ba hon ɗin mota."

"Masha Allah, Malam. Ka fara gwada su a jirgin fito na Makango mana, ku tsallaka ruwa zuwa Yeji."

Wadud ya shafa gemu.

"Ni ko Kumasi za ni, ta Tamale nake zagayawa don kada in shiga jirgin nan. Ni da ruwa ba ma shiri."

"To a tekun wa zai riƙe yaran?"

"Ai su za su riƙe ni, Hajiya."