Takalman Bitrus

Malam mai gabatarwa, barka da war haka, kai da masu saurare. Sunana Lami, ɗinki nake yi a Barkin Sale.

Ƙanena Bitrus ya yi rajistar tseren gudu mai nisa a garin nan, sai mota ta buge shi kafin ranar. Har aka tashi zaman makoki ko ɗigon hawaye ban yi ba. Mata suna ta zunɗena.

Ina kwashe kayansa na ga takalman gudunsa. Sun yi mini yawa, sai na cusa ƙyallaye a ciki, na fara bin hanyar Garatu da asuba, ni da ba na gudu sai in hadari ya taso shanya na waje. Da farko har amai nake yi. Mama ta ce, "Lami, gudun me kike yi?" Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ranar tseren na sa rai in na kai ƙarshe kukan zai zo. Na kai ana naɗe rumfa. Wani ya miƙo mini ruwan leda, na sha, na tsaya ina jira. Ba abin da ya zo. Na koma gida na jiƙa wake.

Ina gaida Mama da matan zumunta. Malam, a tambaya mini jama'a: wanda kuka ya ƙi zuwa masa, yaya zai yi? Takalman suna bakin ƙofa, har yau ban cire ƙyallayen ba.