Awa Goma Sha Huɗu

A ɗakin jiran jirgi, wata tsohuwa da ba ta taɓa tashi sama ba ta miƙa wa matar gefenta tikitinta.

"'Yar nan, duba mini. Garin nan da ɗana yake, kwana nawa za mu yi a hanya?"

"Kwana kuma, Mama? Awa goma sha huɗu mun sauka."

"Anya? Sake dubawa dai."

"Wallahi. Duk shekara nake bin hanyar nan in gaida mahaifiyata."

Tsohuwa ta yi jim, tana murza bakin mayafinta.

"Shi kuwa shekara tara yana ce mini nisa ne ya hana shi zuwa."

"Wataƙila aiki ne, Mama."

"Wataƙila. To, ba komai. Tunda kusa ne, ni zan riƙa zuwa."