Kunun Ƙarfe Goma

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Saratu, daga wani ƙauye kusa da Gozaki. Ni ce ke dama kunun da ake raba wa yara a makarantarmu a wannan dogon hutu na damina.

Hedimasta ya sa rabo da hantsi, lokacin da 'ya'yan manoma ke gona, na Fulani suna wajen kiwo. 'Ya'yan ma'aikata ke sha har su ƙara. Jiya wasu suka dawo daga gona, taɓo har gwiwa, suka tarar ina wanke tukunya. Na roƙe shi a mayar da rabon azahar, ya ce, "Saratu, ƙarfe goma aka rubuto daga ofis."

Na gaji, Malam. Ka tambayar mana mutanen ofis: wanda ya noma dawar kunun, ƙarfe nawa ɗansa zai sha?