Wurin Habsu a Motar Yankari

Turai: Halo? Salamu alaikum! Halo? Lirwanu?

Lirwanu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Turai: Ji mini yaro. Ni da na goye ka, muryata ka manta?

Lirwanu: A'a, Yaya Turai! Lambar ce ban sani ba. Ina wuni?

Turai: Lahiya lau. Ya mutanen Gummi? Ya zahi?

Lirwanu: Zafi kam sai godiya. Ya Inna? Ƙafar ta lafa?

Turai: Da sauƙi, tana gaishe ka. Ya Ummukulsum da ɗiya?

Lirwanu: Duk lafiya lau. Har sabis ya iso Adabka ke nan?

Turai: Ina! Bukkuyum nike, na shigo cin kasuwa na tsaya wurin mai waya. Ga shi nan ya kahe ni da ido yana duban agogo. An ce Bauci za ku.

Lirwanu: An ce me? Layin na yankewa.

Turai: BAUCI! Kallon namun daji!

Lirwanu: Oho, Yankari. E, jibi in Allah ya so. Kai, Yaya, na sha wahalar shirin nan. Da damina ciyawa ta rufe daji, ba a ganin komai. Da kaka ni ba ni da hutu. Sai yanzu da bazara ta kora dabbobin bakin kogi, an ce giwa garke-garke, ga ɓauna, ga gwanki...

Turai: To madalla.

Lirwanu: Mu kwana Zariya, kashegari mu ƙarasa. Akwai motar da ke zagayawa da mutane cikin dajin da sassafe. Na ja wa Zayyad kunne, ba mai sauka, ba mai riƙe abinci a hannu, birran wurin fizge suke yi. Nusaiba kuwa ta hana mu barci da zancen ruwan ɗumin da ake wanka a can...

Turai: Su wa da wa za su?

Lirwanu: Ni da Ummukulsum, Zayyad, Nusaiba, Bilyaminu. Sai abokina Mainasara mai motar, da yaronsa.

Turai: Sai wa?

Lirwanu: Shi ke nan.

Turai: Shi ke nan? Ɗiyanka uku ne kai?

Lirwanu: Yaya...

Turai: Habsu fa?

Lirwanu: Ai yarinyar nan ta Inna ce. Tun da aka yaye ta take wurinta.

Turai: Riƙo anka ba Inna, ba ita ta haihe ta ba. Kai ka haihe ta. Da ɗiyanka sunka zo mana Sallah, Zayyad bai bar kunnen kowa ba, giwa kaza, dorina kaza, Baba zai kai mu. Ita tana tsakar gida tana tankaɗe. Bayan sun tahi ta wanke kayanta kaf, ta ninke cikin leda. Ledar na nan ƙarƙashin matashinta har yau.

Lirwanu: Wa ya ce mata da ita za a je?

Turai: Wa ya ce mata ba da ita ba? An ce Baba zai kai ɗiyanshi.

Lirwanu: Yaya, motar a cike take. Ga kuloli, ga jarkokin ruwa, ga tabarmi...

Turai: Jarka ta samu wuri, ɗiyarka ba ta samu ba.

Lirwanu: Kuma hanyar Adabka! Mainasara ba zai sa motarsa cikin ramukan nan ba.

Turai: Wa ya ce ku shigo? Ta bakin mararrabarmu za ku wuce kahin Anka. Ni zan ɗauko ta bisa babur tun asuba, in tsaya da ita bakin titi. Taka burki kawai za ku yi.

Lirwanu: Halo? Ba na jin ki sosai...

Turai: Kana jina sarai, Lirwanu! Kada ka raina mini wayo!

Lirwanu: To tsaya ki ji. 'Yar fari ce fa. Ko sunanta ban taɓa kamawa ba, kin sani. Yau kuma a ce na tsai da mota bakin titi, gaban Mainasara, na ɗauki 'yar fari zan kai ta yawon buɗe ido? Da wane ido zan dubi Inna?

Turai: Innar ce ta ce in kira ka! Ta ce kunya anka ce a yi, ba a ce a yar da ɗiya ba. Ni ma ina da ɗan hwari. Ba ni kiran sunanshi, amma in na raba nama rabonshi na nan.

Lirwanu: Uwarta Ummukulsum ma ai ba ta ce komai ba.

Turai: Ta ce da wane baki? Ita ma kunyar ke cinta. Amma ran kasuwar da ta wuce ta aiko direba da sabon takalmi da hijabi, ta ce a ba Inna, Inna ta san mai su. Kuma ba ta ce maka za ta ɗora Bilyaminu bisa cinya ba?

Lirwanu: Ta ce... Na ɗauka don ya ji daɗin barci ne.

Turai: Don ya ji daɗin barci! Wallahi raina ya ɓaci da ku duka. Kana jiran ta hwaɗa, tana jiran ka hwaɗa, yarinya na jiran mota.

Lirwanu: Yanzu an riga an gama tsari, ɗakin kwana ma an kama. Ki lallashe ta. Ki ce mata baɗi.

Turai: Ba ni ce mata. Tare munka zo, ga ta nan. Habsu, amshi.

Lirwanu: A'a, Yaya, kada ki...

Habsu: Salamu alaikum. Ina wuni.

Lirwanu: ...Lafiya.

Habsu: An wuni lahiya? Ya su Nusaiba?

Lirwanu: Lafiya.

Habsu: Dama... ni ba sai na hau kujera ba. Ina iya zama wurin jarkoki. Kuma ba ni amai cikin mota.

Lirwanu: ...

Habsu: Halo? Goggo, ya yi shiru.

Lirwanu: Ba Goggonki wayar.

Turai: Na'am. Mi ka ce mata? Ta miƙo mini ta juya.

Lirwanu: Ban ce komai ba.

Turai: Ai shi ne. Habsu! Ke Habsu, tsaya mana! Ka gani, ta shige cikin kasuwa. Mai waya, nawa ne? Lirwanu, Allah shi kiyaye hanya, ku sha kallo.

Lirwanu: Tsaya, Yaya. In muka bar kula ɗaya... Mararrabar, ƙarfe nawa za ku iya kaiwa? Yaya Turai? Halo? Halo!